Itacen da Gara Ta Ƙi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Juma'a cikin sanyin shekarar 2012, na shiga shagon lofe da ke wani lungu a unguwar Al Buteen, cikin Dubai. Mu uku ne a ciki: ni, da mai shagon, da wani dattijo mutumin Kumasi da muke kwana ɗaki ɗaya a International City. Na san lokacin daidai domin akwai agogon bango a saman kanta, ni kuma ba na fara abu sai na duba agogo.

Kafin in faɗi abin da ya faru a shagon, sai na fara da abin da ya kai ni.

Shekarata uku a Dubai a lokacin. Ina aiki a wani sito na 'yan kago, inda 'yan kasuwar Kano ke tara kayansu kafin a loda a kwantena. Ni ne mai haɗa akwatunan katako na kayan da ke iya fashewa, irin su gilasan mota da fitilun ado da kekunan ɗinki. Daga safe zuwa magariba guduma da ƙusa. Juma'a kaɗai nake hutu, kuma bayan an sauko daga masallaci ba ni da inda zan je.

Ni ba na shan taba, ban taɓa sha ba. Kawuna ne masassaƙi a ƙauyenmu. Yana yin turmi da taɓarya da ƙotar fartanya, idan ya gama sai ya zauna ya sassaƙa lofe daga ragowar ƙirya don nishaɗin kansa. A gabansa na koya. Karatun boko ban wuce aji biyu na sakandare ba, amma abin da kawu ya koya mini ban mance ko ɗaya ba. Dokarsa a kan itace guda ɗaya ce: idan ka ga guntu ya shekara a ƙasa gara ba ta taɓa shi ba, ka ɗauka, na kirki ne. A ƙauyenmu wannan doka ba ta taɓa ba shi kunya ba.

A bayan sitonmu akwai fili inda ake zubar da tsofaffin katakai. Cikinsu akwai gungume biyu masu kaurin cinyar mutum, waɗanda aka zo da su a ƙarƙashin wani babban inji. Sun fi shekara kwance a rairayi. Duk katakan da ke kewaye da su gara ta cinye cikinsu, kana takawa suna burmawa. Waɗannan biyun ko ƙwarzane babu. Launinsu da ɗan kore-kore, na ɗauka irin itacen ƙasar da suka fito ne. Na tuna da kawu, na yanka su gunduwa-gunduwa da zarto, na riƙa kai su gida a jaka, biyu-biyu.

Ga yadda nake aikin. Da farko in zana siffar a jikin guntun da fensir. Sannan in huda tukunyar, wato inda ake zuba tabar. Sannan in gasa wayar ƙafar keke a kan gas har ta yi ja, in riƙa tura ta cikin wuyan lofen kaɗan-kaɗan har ramin ya haɗu da gindin tukunyar. Daga nan sai wuƙa, sai magagari, sai samfefa. A ƙarshe in shafe shi da man kaɗanya sau bakwai, kwana bakwai, har ya yi duhu yana ƙyalli. Idan ya bushe in yi masa tsaga uku a ƙarƙashin tukunyar, alamar kawuna. Guda ɗaya yana cin Juma'a shida ko bakwai.

Duk lokacin da wayar mai zafi ta shiga itacen, hayaƙi yakan fito mai warin tafarnuwa. Mutanen ɗakinmu suka yi ƙorafi, wani ɗan Zinder ya ce idan miya nake yi in zuba gishiri mu ci. Sai na koma matakalar bene. Kowace Juma'a da yamma kaina yakan yi ciwo, na ɗora laifin a kan sunkuyo.

A shekara biyu na yi goma sha huɗu. Ban sayar da ko ɗaya ba. Sha uku na bayar kyauta, na sha huɗun yana hannuna.

Na farkonsu dattijon nan na ba. Gadi yake yi a ƙofar wani dogon gini, ya kusa shekara sittin, kuma tun yana saurayi a zangon Kumasi yake shan taba. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Kafinta. Matarsa ce ke aiko masa da man kaɗanyar da nake shafa wa lofe. Tun ranar da na ba shi nasa bai ƙara sayen sigari ba. Ganye yake saye ya yanka da kansa, ya zauna a bayan gini bayan an tashi, ya kunna. Duk wanda ya wuce sai ya nuna masa, ya ce aikin ɗan Kano ne, ba na kanti ba. Mutum ne mai surutu da son yaji. Amma wajen wata huɗu kafin wannan Juma'ar wani miki ya fito masa a gefen harshe. Ya daina taɓa shito, baƙin yajin nan nasu da ba ya cin abinci sai da shi. Yana shafa zuma da habbatus sauda. Maganarsa ta ɗan yi nauyi, muna tsokanarsa cewa tsufa ne.

Shagon kuwa na shekara biyu ina wuce shi, ina leƙe ta gilashi ban shiga ba. Abin da nake so shi ne wanda ya san sana'ar ya kalli aikina ya faɗi gaskiya. Yabon mutanen ɗakinmu bai ishe ni ba, don ba su san komai a kai ba. Da na gama na sha huɗu na ga ya fi duka, sai na naɗe shi a hankici. Baba ya ce zai raka ni, ya ga yadda Larabawa za su sha mamaki.

Shago ne siriri. Hannun dama kwalabe ne jere cike da doha, tabar nan tasu mai ƙarfi. Hannun hagu ƙananan lofe ne nasu da ake kira midwak, ɗaruruwa, kamar yatsu. A tsakiya akwai akwatin gilashi mai ɗauke da manyan lofe na Turai. Can ƙurya akwai teburin aiki da ƙaramin injin gyara, da garin katako a ƙasa. Da na ga garin katakon na san na zo inda ya dace.

Mai shagon tsoho ne, gemunsa da lalle, tabarau a rataye a wuya. Muka yi sallama, ya zuba mana gahawa a ƙananan kofuna. Larabcina na kasuwa ne, amma yana isa. Baba kuwa ban da yalla da halas ba ya jin komai. Na ce wa tsohon ni ba saye na zo yi ba, na zo ne a duba mini aiki. Na buɗe hankicin na ajiye a kan kanta.

Ya bi shi daki-daki, kuma hakan ya burge ni. Ya ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa. Ya rufe tukunyar da babban yatsa ya busa, ya ji ko iska na zurarewa. Ya tura siririyar waya ta wuyan, ta fito daidai tsakiyar gindin tukunyar. Ya sa tabarau ya kalle ni, ya tambaya da wane inji na huda. Na ce da wayar keke. Ya yi dariya, ya ce akwai masu inji da ba sa samun wannan saitin. Ya kira ni ustaz, wato gwani. Ban ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Wannan shi ne abin da na zo nema, kuma na same shi kafin biyar saura kwata.

Sai ya tambaye ni wane itace ne.

Na ce ban san sunansa ba, amma na kirki ne, domin ya fi shekara a ƙasa gara ba ta taɓa shi ba. Na faɗa da alfahari. Ya tambaya a ina na samo. Na faɗa masa. Sai ya nemi izini ya ɗan kankare ƙarƙashin wuyan. Raina bai so ba, kwana bakwai na yi ina shafa man nan, amma na ce bismilla. Ya ɗauko ƙaramar wuƙa ya kankare kamar faɗin farce. Ƙarƙashin duhun man, koren ya fito sarai.

Ya ce, "Idan wuta ta taɓa shi, warin me yake yi?"

Na ce tafarnuwa.

Ya ajiye lofen a kan takarda, ya je ya wanke hannunsa da sabulu a wani ɗan famfo da ke ƙurya, ya dawo. Sannan ya yi mini bayani a hankali, yana maimaitawa don in gane. Ya ce wannan katako ne da ake dafawa da guba a masana'anta, a tura ta har cikin zuciyarsa, don turakun waje da kayan da za su daɗe a jirgin ruwa. Ya ce ko girki ba a yi da shi, ko tokarsa ba a bari kusa da dabba.

"Ba don ƙarfinsa gara ta bar shi ba, habibi," in ji shi. "Ta ci ne ta mutu."

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga dai ana ta magana a kan lofe, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa, ya ajiye a kan kanta kusa da sabon, yana murmushi. Ya ce in gaya wa Balaraben wannan shekararsa biyu yana aiki kullum, bai taɓa tsagewa ba.

Tsohon ya ɗauka. Ni ma sai a lokacin na kalle shi da kyau, kusa da ɗan'uwansa sabo. Girmansu ɗaya na yanka su. Amma ramin tukunyar na Baba ya yi faɗi har babban yatsa yana juyawa a ciki, bangonta ya sirance kamar ɓawon gyaɗa. Tsohon ya gwada kaurin sabon da yatsu biyu, ya gwada na Baba. Ya tambaye ni ina sauran itacen ya tafi. Ya nuna ƙirjin Baba da wuyan lofen.

Baba ya ce, "Kafinta, me yake cewa? Yana so ya saya ne? Ka ce masa ba na sayarwa ba ne."

Zan iya cewa yabawa yake yi, mu fita, in san dabarar da zan raba shi da lofen daga baya. Na yi wannan tunanin, ba zan musa ba. Amma na fassara masa duka, daga farko har ƙarshe, ban rage ba.

Ya saurara. Da na gama ya ce shekara arba'in taba tana aikin kashe shi, ni na zo a makare, in bi layi. Ya yi dariya shi kaɗai, kuma a cikin dariyar ya dafe gefen bakinsa. Tsohon ya lura. Ya ɗauko ƙaramar tocila ya ce ya buɗe baki. Baba ya kalle ni, na ce ya buɗe. Tsohon ya haska, ya daɗe yana kallo, ya kashe tocilar. Ya ce shi ba likita ba ne, amma shekara da shekaru yana ganin bakin masu shan taba. Ya ce a kai shi asibiti gobe, ba jibi ba.

Sannan ya juyo kaina ya tambaya guda nawa na yi. Na faɗa. Ya ce in bi su in karɓo duka. Kada in ƙone su. Kada in jefa su a shara yadda suke, wani zai tsinta ya ji daɗi. In farfasa su da guduma, in zuba a gwangwani in rufe. Da za mu fita ya buɗe aljihun tebur ya ba ni guntun itacen zaitun, ya ce hannuna yana da kyau, in sake farawa da wannan. Na karɓa don kada in yi masa rashin kunya. Agogon ya nuna biyar da minti goma.

Baba ya riga ya mayar da lofensa aljihu. Da muka fito bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodi, ya zauna a kan wani dakali ya cika shi ya kunna. Na ce Baba ka ba ni. Ya ce a Kano haka ake yi, a ba mutum kyauta a dawo a karɓe? Na ce zan yi masa wani da zaitun. Ya ce idan na gama in kawo, sai a yi musaya. Na tsaya a kansa har ya shanye. Iska tana kaɗowa ta wajena, kuma a ƙarƙashin warin tabar na ji ɗayan warin.

Washegari na yage murfin kwali na rubuta mutum goma sha uku, bisa jerin yadda na ba su. Na fara bi daga na biyu. Wata uku na yi ina wannan aiki, kowace Juma'a, a bas da ƙafa. Wani direban tasi ya miƙo mini nasa yana dariya, ya ce dama ado yake yi da shi a mota. Wani mai wanki a otal ya ce tun watan farko ya daina sha da shi saboda yana sa shi amai, kunya ce ta hana shi faɗa mini. Wani ɗan kasuwa da ya kai wa surukinsa tsaraba ya zage ni a gaban mutane a ƙofar sito, ya ce da ya san ni jahili ne da bai karɓa ba. Bai yi ƙarya ba. Ya buga waya gida, aka karɓo, ya dawo mini da shi a zuwansa na gaba. A haka na tara bakwai. Da sabon da ke hannuna, takwas. Guntayen gungumen da suka rage a bayan sito na nuna wa shugaban ma'aikata, aka kwashe.

Baba bai je asibiti gobe ba, bai je jibi ba. Bizarsa ta kusa sabuntawa, yana tsoron kada a rubuta masa ciwo a takarda a sallame shi. Na yi masa magana da lalama, na yi da faɗa. Kwana biyu ya daina amsa gaisuwata. Lofen yana aljihunsa da rana, yana ƙarƙashin matashinsa idan ya kwanta. Sau ɗaya na yi niyyar sacewa yana wanka, na tarar ya shiga da shi banɗaki. Zaitun ɗin kuwa na ɗauko shi sau biyu, na zana siffar, hannuna ya ƙi ci gaba.

Sai da ya kasa haɗiye shinkafa sannan ya yarda, bayan wata biyu. Ni na raka shi. Aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne a harshe, kuma ya riga ya sauka wuya. Na tare likitan a baranda na ba shi labarin katakon, na tambaye shi ko ni ne. Ya ce tabar shekara arba'in ita kaɗai ta isa ta yi wannan, hayaƙin katakon kuma guba ne babu shakka, amma ba shi da ma'aunin da zai raba ya ce wannan kason na taba ne, wannan naka ne. Na so ya ce e ko a'a. Har yau ba ni da ɗaya daga cikinsu.

Kamfanin gadin bai sabunta masa aiki ba. Mutanen zango da ke nan suka haɗa masa kaya, muka kai shi filin jirgi da hantsi. Magana ta yi masa wuya sosai a lokacin. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ɗaga hannu ya daki kafaɗata, ya ce wani abu da ban gane ba, na ce ya maimaita, ya girgiza kai ya shige.

Da na koma ɗaki na tarar da lofen a ƙarƙashin matashina, naɗe a hankicinsa. Da shi suka zama tara. Ranar na ɗauki guduma na hau matakalar da na sassaƙa su, na farfasa su ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsu, nasa a farko. Na zuba a gwangwanin fenti na buga murfin.

Bayan wata bakwai 'yarsa ta kira ni daga Kumasi ta ce Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce kafin bakinsa ya rufe gaba ɗaya yakan ambaci wani Kafinta da ya kula da shi a Dubai, shi ya sa ta nemi lambata ta yi godiya. Na yi mata ta'aziyya, na yi masa addu'a. Ban faɗa mata labarin katakon ba. Na fassara wa mahaifinta gaskiya a shago, amma ita na kasa. Wannan ma na rubuta shi a nan don ya shiga lissafin laifina.

Guntun zaitun yana cikin akwatina da zanen fensir a jikinsa. Ban ƙara sassaƙa lofe ba.

Saura biyar. Biyu suna hannun 'yan kasuwa da suka koma Kano, lambobinsu sun daina shiga. Ɗaya yana wajen ɗan Zinder ɗin nan mai zancen miya, wanda aka mayar gida kafin in je shagon. Ɗaya wanda na ba ya ba wani, wanin ya tafi da shi Kumasi ko Tamale, bai tabbatar ba. Na ƙarshe an mance shi a bas, ban san hannun da ya faɗa ba.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan akwai mai shan lofe a gidanku ko a unguwarku, ka karɓa ka juya shi. Nawa tsawonsa ɗani ɗaya ne, launinsa duhu mai ƙyalli, akwai tsaga uku a jere a ƙarƙashin tukunyar. Idan ka gan su, ka kankare ƙarƙashin wuyan da wuƙa. Idan kore ya fito, kada ka mayar masa ko da zai yi fushi da kai, kuma kada ka jefa a murhu. Ka farfasa shi, ka rufe a gwangwani, ka kai inda yara da awaki ba sa zuwa. Sannan ka ce ya buɗe baki ka duba, in ka ga miki ka kai shi asibiti a ranar.